Rubuta labarin matasa kan iyalin baƙar fata a zamanin wariya a Amurka: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan amsoshi na marubuta ne da malamai da masu karatu da ke son sanin yadda ake gina ƙagaggen labarin tarihi na matasa a kan iyalin baƙar fata da suka rayu ƙarƙashin dokokin wariyar launin fata a Amurka.

Wane irin littafi ne wannan, kuma wa ake rubuta wa?

Labari ne ƙagagge da aka kafa a zamani da wuri na gaske. Iyalin, marubuci ne ya ƙirƙiro su. Dokar da ta ɗaure su, farashin audugarsu da jirgin ƙasan da suka hau kuwa, duk na tarihi ne, ba a taɓa su. Ana rubuta shi domin 'yan shekara 12 zuwa 18, ko da yake manya ma suna karantawa. Bambancinsa da littafin tarihi shi ne mai karatu yana ganin komai ta idon yaro ɗaya da bai san yadda abin zai ƙare ba.

Wariyar ta daɗe. Wace shekara ya kamata in zaɓa?

An haramta bauta a Amurka a 1865. A 1868 tsarin mulki ya ba 'yantattun bayi matsayin 'yan ƙasa, a 1870 ya ba mazansu damar jefa ƙuri'a. Da gwamnatin tarayya ta sakar wa jihohin kudu mara a 1877, sai suka shiga kafa dokokin da aka sani da Jim Crow. A 1896, a shari'ar Plessy da Ferguson, Kotun Ƙoli ta ce babu laifi a raba mutane muddin abin da aka ba kowane ɓangare daidai ne. Bai taɓa zama daidai ba. Haka aka tafi har dokar 'yancin jama'a ta 1964 da dokar 'yancin zaɓe ta 1965.

Kada ka yi ƙoƙarin ɗauke wannan duka. Zaɓi shekara ɗaya, ko biyu in ya yi yawa, da gunduma ɗaya. Shekarun 1930 sun dace da labarin gona, bashi da yunwa, lokacin da babu wani gangami da iyali za su jingina da shi. Tsakanin 1945 da 1948 akwai labarin sojojin baƙar fata da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu suka tarar ba abin da ya sauya: a Fabrairun 1946 an sauke Isaac Woodard daga motar safa a Karolina ta Kudu yana sanye da kakinsa, ɗan sanda ya doke shi har ya makance. Daga 1954 zuwa 1965 kuwa zamanin shari'o'in makarantu ne da ƙaurace wa motoci da zanga-zanga, kuma a nan ne yara suka fi fitowa gaba.

Wurin ma yana sauya komai. Iyalin manomi a yankin auduga na Misisipi da iyalin malamin makaranta a birnin Atlanta ba rayuwa ɗaya suke yi ba. A arewa, irin su Shikago, galibi babu allon da ke cewa wannan ƙofa ta wane ce, amma akwai yarjejeniyar masu gidaje ta ƙin sayar wa baƙar fata, da bankunan da ba sa ba unguwanninsu rance. Marubucin da ya cakuɗa waɗannan wurare, mai karatun da ya san tarihin zai gane shi tun babin farko.

Yaya wariyar take a rayuwar yau da kullum?

A nan littafi ke tashi ko ya faɗi. Yawancin sababbin marubuta suna tsayawa ga allon famfon shan ruwa da kujerar baya a mota, domin su aka fi gani a hotuna. Gaskiya ne akwai su, amma abin da ya fi cin ran mutane ƙa'idoji ne da ba a rubuta ba, waɗanda kowane yaro ya haddace kafin ya kai shekara bakwai.

Baƙar fata ba ya shiga gidan farar fata ta ƙofar gaba, sai ta baya. Ba ya miƙa masa hannu don gaisawa. In suna magana yakan cire hula, ya kawar da ido, ya amsa da girmamawa ko da wanda ke gabansa sa'an jikansa ne. Shi kuwa ba a kiransa da wani laƙabin girma: dattijo mai furfura sai a kira shi da sunansa tsirara, ko a ce masa yaro. Jaridun fararen fata ma ba sa sa wa matar aure baƙar fata laƙabin da suke sa wa tasu. A kan hanya, shi ke kaucewa. A kanti, sai an gama da duk farar fatar da ke ciki, har wanda ya shigo bayansa, sannan a saurare shi.

Dubi sayen takalmi. A kantuna da yawa ba a barin baƙar fata ya gwada kaya. Uwa takan sa yaro ya taka takarda a gida, ta zana kewayen ƙafarsa da fensir, ta naɗe takardar ta kai kanti, ta riƙa ɗora takalma a kan zanen har ta sami wanda ya yi kusa. In ya matse shi, ba a mayarwa. Wannan yanayi ɗaya, yarinya tana tsaye a kan takarda uwarta na durƙushe da fensir, ya fi shafi biyar na bayanin doka aiki.

A motocin safa na birnin Montgomery a jihar Alabama, fasinja baƙar fata kan biya kuɗi a ƙofar gaba, ya sauka, ya zagaya ya shiga ta baya, kuma wani direban yakan ja mota kafin ya kai. A silima sama suke zama, ta wata matakala daban. A asibiti ɗakinsu daban, sau da yawa a ƙarƙashin gini, shi ya sa a karkara ungozoma ce ke karɓar yawancin haihuwa. A wasu kotuna har Littafi Mai Tsarki na rantsuwa biyu ne.

Abin lura shi ne ƙa'idojin ba su da tabbas. Abin da aka ƙyale a wannan gari, a gari na gaba zai iya jawo duka. Wannan rashin tabbas shi ne tsoron da ya kamata ya ratsa littafin.

Da me iyalin ke rayuwa?

In labarin na karkara ne, to akwai yiwuwar noman kashi-mu-raba suke yi, kuma dole marubuci ya san lissafinsa kamar shi ne mai bashin. Mai gona yana ba da fili, ɗan gidan katako, alfadari, garma da iri. Iyali suna ba da ƙarfinsu, har da na yara. Daga farkon bazara suna cin bashin gari, naman alade mai gishiri, maɗi da yadi a kantin mai gonar ko na wani ɗan kasuwa, kuma ruwan da ake ɗorawa yakan kai kashi ɗaya cikin huɗu, wani lokaci ya wuce. A ƙarshen shekara mai gona ne ke sayar da audugar, shi ke riƙe da littafin lissafi, shi ke faɗin abin da ya rage.

Ana shuka wajen Afrilu, a yi noma da fartanya a Mayu da Yuni, a ɗan sarara a Yuli zuwa Agusta, sannan a shiga tsinka daga ƙarshen Agusta har sanyi ya shigo. Mai tsinka yana rataya dogon buhu a kafaɗa yana jan sa a ƙasa tsakanin kunyoyi, ɓawon audugar yana yanka gefen farce. Babba mai ƙwazo yakan tsinki laba 200 a yini, wato kusan kilo 90. Sai an tara kimanin laba 1,500 mai ƙwaya kafin injin gurza ya fitar da dila ɗaya mai laba 500. A 1931 da 1932 farashin laba ya faɗi zuwa wajen senti 6.

Ga misali don ka gwada da naka iyalin. Sun yi dila goma, laba 5,000 ke nan, a senti 6 ya zama dala 300. Rabinsu dala 150. In littafin kanti ya ce sun ci dala 170, sun shiga sabuwar shekara da bashin dala 20, kuma ba su da ikon tashi sai sun biya. Uban da ya iya lissafi ya san an cuce shi, amma neman a nuna masa littafin daidai yake da kiran farar fata maƙaryaci, wanda zai iya jawo kora ko abin da ya fi haka. Ranar lissafi babi ce sukutum, musamman in ɗiyarsa ce ta riƙa rubuta abin da suka karɓa a ɓoye.

Ba kowa ne ɗan kashi-mu-raba ba. Wajen 1910 baƙaƙen fata sun mallaki kimanin eka miliyan 15 na gona. Akwai malamai, fastoci, wanzamai, masu shirya jana'iza, ma'aikatan jirgin ƙasa da mata masu aikatau da wankau. Iyalin da ke da gonar kansu suna da ɗan bakin magana, amma suna da abin da za a ƙwace musu ta hanyar haraji ko jingina. Ka tsai da sana'ar uba da ta uwa kafin ka rubuta layi ɗaya, domin ita ke nuna wanda ke iya matsa musu.

Makaranta fa?

Makarantar baƙar fata ta karkara sau da yawa ɗaki ɗaya ce ko biyu, wani lokaci a cikin coci, malama ɗaya da azuzuwa da yawa. Zangonta ya fi na fararen fata gajarta, kuma a yankunan auduga ana rufe ta lokacin noma da lokacin tsinka. Littattafan kwance ne daga makarantar fararen fata. A gundumar Clarendon ta Karolina ta Kudu, a ƙarshen shekarun 1940, yaran fararen fata suna da motoci talatin, na baƙar fata ba ko ɗaya. Daga roƙon mota guda rigimar ta tashi har ta shiga cikin shari'ar Brown, wadda a ranar 17 ga Mayun 1954 Kotun Ƙoli ta ce raba makarantu ya saɓa wa tsarin mulki.

Kada ka manta da abin da mutanen suka gina da hannunsu. Da haɗin gwiwar malami baƙar fata Booker T. Washington da attajiri Julius Rosenwald, an gina makarantu kusan 5,000 a jihohi 15 kafin 1932, bisa sharaɗin mutanen gari su kawo nasu kason na kuɗi, fili ko aikin ƙarfi. An yi musu manyan tagogi saboda babu lantarki. Malamai kuwa mutane ne masu daraja a gari, kuma su ne farkon waɗanda ake kora daga aiki in aka ga sunansu a NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata.

Me ya hana su kai ƙara ko su yi zaɓe su sauya shugabanni?

Masu karatu matasa za su yi wannan tambaya, saboda haka labarin ya amsa ta ba tare da lacca ba. An toshe zaɓe da harajin ƙuri'a, dala biyu a shekara a Misisipi, da jarrabawar karatu inda magatakarda zai ba ka sashen tsarin mulkin jiha ka karanta ka fassara, shi kaɗai ke yanke ko ka ci. A Luwiziyana, masu rajista baƙaƙen fata sun haura 130,000 a 1896. Zuwa 1904 ba su kai 1,400 ba. Wanda ya nace kuma akwai sakamako: a 1962 Fannie Lou Hamer ta je yin rajista, mai gonar da ta yi wa aiki shekara 18 ya kore ta. Da yake galibi daga rajistar masu zaɓe ake ɗauko masu taya alƙali yanke hukunci, su ma duk fararen fata ne. Shugaban 'yan sandan gunduma kuwa zaɓensa ake yi, ya san waɗanda suka zaɓe shi.

In ina so iyalin su yi tafiya, me zan kiyaye?

Tsakanin 1910 da 1970 baƙaƙen fata kusan miliyan shida sun bar kudu. Hanyar jirgi ce ke nuna inda mutum zai dosa: 'yan Misisipi galibi Shikago ta layin Illinois Central, 'yan gabar gabas kuma Washintan, Filadelfiya da Niyok. Taragon baƙar fata yakan kasance dab da injin, inda hayaƙi da toka suke. Mai dawowa kudu daga Shikago, a garin Cairo na bakin kogin Ohio yake komawa wannan tarago.

A mota kuwa, ba tabbas za a sayar musu da abinci, a ba su ɗaki ko a bar su su shiga bayan gida. Shi ya sa ake soya kaza a zuba a kwalin takalmi, a ɗauki bargo, galan na fetur da bokiti, a yi tuƙi dare da rana. Akwai garuruwan da ba a yarda baƙar fata ya kai faɗuwar rana a cikinsu ba. Daga 1936 zuwa tsakiyar shekarun 1960 an riƙa buga wani ɗan littafin jagora da Victor Hugo Green, ma'aikacin gidan waya ɗan unguwar Harlem ta Niyok, ya fara, mai jera masaukai da gidajen abinci da na mai da ke karɓar baƙar fata. In labarinka na 1933 ne, babu shi tukuna.

Yaro ɗan shekara goma sha huɗu zai iya ɗaukar labari mai nauyi haka?

Tarihin kansa ya amsa. Barbara Johns tana da shekara 16 ta jagoranci yajin ɗalibai a Farmville ta Bajiniya a 1951. Claudette Colvin tana da 15 ta ƙi tashi daga kujerar mota a Montgomery a Maris 1955, wata tara kafin Rosa Parks ta yi irin haka ta shahara. Elizabeth Eckford, ita ma 15, ta isa makarantar fararen fata ta Central a Little Rock ita kaɗai a Satumban 1957 ta faɗa cikin taron masu zagi, saboda gidansu ba tarho, saƙon inda za ta haɗu da sauran ɗalibai baƙaƙen fata bai kai gare ta ba. A Mayun 1963 ɗaruruwan 'yan makaranta aka kama a Birmingham, aka sakar wa wasu karnuka da ruwan motar kashe gobara.

Sa tauraron ya girmi masu karatunka da shekara ɗaya ko biyu. Ka ba shi abin da yake so wanda ba siyasa ba ne: keke, gurbin ƙwallo, gama aji takwas, dawowar yayansa daga birni. Wariyar ta zo ta tare masa wannan hanya. Ka kuma bar shi ya yi kuskure, ya yi fushi da iyayensa saboda yana ganin tsoro ya yi musu yawa. Rikicin da ya fi ƙarfi a irin wannan littafi yana cikin gida ne: uwa tana koya wa ɗanta sunkuyar da kai don ya rayu, uba yana tsoron kada sunkuyawar ta zama halinsa, kaka kuma tana tuna abin da su duka biyun ba su gani ba. Kowannensu yana da gaskiya, kuma bai kamata marubuci ya yi saurin raba gardamar ba.

Yaya zan nuna kisa da duka ba tare da na firgita yara ko na ɓoye gaskiya ba?

Ba a tsallake shi. Cibiyar Tuskegee ta ƙidaya baƙaƙen fata sama da 3,400 da gungun mutane suka kashe ba shari'a tsakanin 1882 da 1968. A Agustan 1955 aka kashe Emmett Till, ɗan shekara 14 daga Shikago da ya je hutu Misisipi. An wanke mutum biyun da aka gurfanar bayan shawarar da ba ta wuce sa'a ɗaya da 'yan mintoci ba, daga baya suka amsa laifin a wata mujalla. Littafin da ya yi kamar babu irin wannan ya yi wa matattu ƙarya.

Hanyar da ta fi aiki ita ce a tsaya inda yaron yake. Ba ya wurin da abin ya faru. Yana gida, an kashe fitila, an kwantar da su a ƙasa nesa da taga, yana jin motoci na wucewa a hankali, yana ganin ubansa zaune bakin ƙofa da bindigar farauta a cinya. Da safe manya suna magana ƙasa-ƙasa, kujera ɗaya a coci ba kowa. Babban tashin hankali ɗaya ya isa littafi, kuma a ba shi babi biyu ko uku na abin da ya biyo baya. In kowane babi da gawa, zuciyar mai karatu takan dakushe, mutanen labarin kuma su zama abin tausayi kawai. Su kuwa sun yi aure, sun yi dariya, sun taru a gaban rediyo a 1938 suna ihu lokacin da ɗan dambe baƙar fata Joe Louis ya kayar da Bajamushe Max Schmeling a zagayen farko. Littafin da ba shi da wannan ɓangare bai cika ba.

Da Hausa nake rubutawa. Yaya zan yi da maganarsu da al'adarsu?

Kada ka ba baƙaƙen fatar gurɓatacciyar Hausa don nuna karin harshensu. Mai karatu zai ɗauke su jahilai, abin da masu wariyar ke so a ɗauka ke nan. Su yi Hausa lafiyayya, bambancin ya fito a tsarin girmamawa: dattijo yana cewa yallaɓai, saurayin da ke gabansa yana ce masa kai. A cikin gida Baba, Mama, Kaka, Kawu da Gwaggo sun wadatar. Mummunar kalmar zagin da aka sani ba sai ka rubuta ta ba. Nuna yadda fuskar uban ta sauya da aka faɗe ta a gaban 'ya'yansa.

Yawancin waɗannan iyalai Kiristoci ne, 'yan Baftis ko Methodist, kuma coci ita ce makaranta, zauren taro da asusun taimako. Saboda haka kada gaisuwa da addu'o'in Musulmi su zame maka a bakinsu. Kada kuma ka sa su cin tuwo. Abincinsu burodin masara ne, wake, ganye, dankali mai zaƙi, naman alade, kifi da maɗin takanɗa. Kuɓewa da farin wake mai baƙin ido suna cikin tukunyarsu, kuma daga Afirka suka je can tare da kakanninsu.

Fararen fatar cikin labarin duk mugaye za su zama?

A'a, amma akwai ramuka biyu. Na farko, mugu ɗaya mai jajayen idanu wanda in aka kawar da shi komai ya gyaru. Wariyar tsari ce: mai kantin da ke murmushi yana ƙara lissafi, matar da ke ƙaunar mai aikinta amma ta ware mata kofi, ma'aikacin bankin da ke cikin majalisar fararen fata da aka fara kafawa a Indianola ta Misisipi a 1954, wanda makaminsa hana rance ne. Na biyu, farar fata mai kirki da ke zuwa ya ceci kowa. In akwai mai taimako, a nuna iyakarsa da abin da yake tsoron rasawa, kuma shawarar ƙarshe ta fito daga iyalin.

Zan iya sa mutanen gaske a ciki?

Daga nesa. Tauraronka yana iya jin Martin Luther King daga kujerar baya a coci, ko ya ga hoton Thurgood Marshall, lauyan NAACP, a jarida. Kada ka ƙirƙira musu magana, kada ka ba yaronka aikin da wani na gaske ya yi. Garin kansa gara ka ƙirƙire shi a cikin jiha ta gaske.

Ina ake samun ƙananan bayanai, kuma waɗanne kurakurai aka fi yi?

Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa dubban hotunan karkara na shekarun 1930 a intanet kyauta. Ka dubi bango, murhu, ƙafafun yara. Can kuma akwai hirarraki sama da 2,300 da aka yi da tsofaffin bayi daga 1936 zuwa 1938, masu amfani wajen gina kaka, sai dai yawancin masu tambayar fararen fata ne, tsofaffin kuma suna auna abin da suke faɗa. Tsofaffin jaridun baƙar fata irin su Chicago Defender, wadda ma'aikatan jirgin ƙasa ke shigar da ita kudu a ɓoye, suna nuna abin da mutane ke tattaunawa a makon da ka zaɓa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kayan da ba na zamanin ba. A tsakiyar shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce kawai ke da lantarki a Amurka, a kudu abin ya fi haka muni: fitilar kananzir, rijiya, murhun itace, masai a bayan gida. Na biyu shi ne tunanin da ba na zamanin ba, yarinyar 1934 tana magana kamar ta san za a yi dokar 1964. Na uku, kwashe duk binciken a juye a shafi. In bayani bai taɓa abin da tauraron ke so ko yake tsoro ba, cire shi.

Daidai yake da wariyar Afirka ta Kudu? Akwai alaƙa da ƙasashenmu?

Sun yi kama, ba ɗaya ba ne. A Afirka ta Kudu, daga 1948 zuwa 1994, tsirarun fararen fata ne suka mulki masu rinjaye da dokar ƙasa. A Amurka baƙaƙen fata tsiraru ne a ƙasa baki ɗaya, ko da yake sun fi yawa a gundumomi da dama na kudu, kuma tsarin mulkin tarayya a rubuce yana gefensu, shi ya sa kotu ta zama makami.

Alaƙa kuwa akwai. King ya halarci bikin 'yancin Gana a Maris 1957, ya kuma zo Legas a Nuwamban 1960 bikin rantsar da Azikiwe a matsayin Gwamna Janar. A Oktoban 1957 wani gidan abinci a jihar Delaware ya ƙi barin ministan kuɗin Gana, Komla Gbedemah, ya zauna ya sha lemo, har Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo don ba da haƙuri. A 1961 an yi wa jakadan Chadi irin haka a Maryland. Hoton Nkrumah a bangon shagon aski ya isa ya kawo wannan cikin labari.

Wane tsawo, wane zubi, kuma a ina labarin zai tsaya?

Kalmomi 50,000 zuwa 70,000 sun isa, babi 25 zuwa 35. Kalandar noma ko ta makaranta tana ba da ƙashin baya: a fara da shuka a ƙare da ranar lissafi, ko daga buɗe makaranta zuwa rufewa. A babi uku na farko mai karatu ya san gidan, ya so mutanen, ya ga ƙa'ida ɗaya tana aiki. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na littafin wani ya taka ƙa'idar. Daga nan matsin ya riƙa hawa: a hana bashi, a kori uwa daga aiki, maƙwabta su fara gudunsu, sannan barazanar dare. Masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp su gama tsara wannan hawan kafin su saki shafin farko, in ba haka ba buƙatar girgiza masu karatu kullum za ta tura su zuba gawarwaki.

Ƙarshen ya yi daidai da shekarar. Iyalin 1935 ba za su kayar da wariya ba. Abin da za su iya shi ne riƙe gonarsu shekara ɗaya, ko fitar da ɗa ɗaya zuwa Shikago cikin dare, kuma kowanne da abin da zai ci musu. Ko labarin bayan 1954 bai kamata ya rufe da hukuncin kotu kamar an gama ba. Gundumar Prince Edward ta Bajiniya ta gwammace ta rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964 da ta haɗa yara, kuma shekara goma bayan shari'ar Brown, yaran baƙar fata na kudu da ke aji ɗaya da fararen fata ba su kai biyu cikin ɗari ba. Abin da ya faru bayan shekarar labarin, a sa shi a ɗan bayani na shafi ɗaya ko biyu a ƙarshen littafi, inda za ka kuma faɗa wa mai karatu sarai waɗanne mutane da wurare ne na gaske, waɗanne ne ka ƙirƙira.